Saro sarƙar ruwan gwal ko haɗa ta duwatsu da hannu?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Na ga tambayarki tun jiya, cewa kina da jarin Naira 150,000 kuma kin rasa wanne za ki kama: ki riƙa saro sarƙoƙin ruwan gwal kina sayarwa, ko ki koyi haɗa na duwatsu da hannunki. Kin kuma ce ke kanki in kika sa wasu 'yan kunnen sai hujin ya yi ta ƙaiƙayi yana ruwa. Duka biyun na taɓa, bari in jera miki su gefe da gefe.

Ta fuskar saurin ciniki, sari ya fi, ba ma kusa ba. Ki shiga kasuwar Sabon Gari ta Kano da safe, ki ɗauko dozin biyu, ki yi musu hoto ki ɗora a WhatsApp, kafin magariba an fara tambayar farashi. Kasuwarsu ma ta ƙara buɗewa tun da gwal ya fi ƙarfin mutane. A watan Maris na 2025 oza ɗaya ta haura Dala 3,000 a kasuwar duniya, shi ya sa akwatin lefe da yawa yanzu ruwan gwal ne a ciki, a sa na gaske ɗaya don fita kunya. Duwatsu kuwa sai kin zauna. Makonnin farko hannunki zai yi ta ɓata zare, abin da kika haɗa ke ma ba za ki sa shi ki fita ba.

Riba ce ke juya lissafin. Kayan sari daga Caina ake kawo yawancinsu, daga kasuwanni irin su Yiwu da Guwanzu, da Dala ake biya, kuma bayan da aka saki Naira a watan Yunin 2023, wato aka bar kasuwa ta riƙa yanke darajarta, an daɗe duk komawar da aka yi wurin dila sai an tarar da sabon farashi. Ga shi samfurin da ke hannunki yana hannun mata goma a unguwarku, mai saye ta san kuɗinsa kafin ta zo miki, don haka ɗan abin da za ki ɗora bai taka kara ya karya ba. Yayi kuma ba ya jira. Bana saitin Indiya mai faɗi ne na kamu, baɗi siririyar sarƙa ce mai sunan mutum da rubutun Larabci, wanda ya kwana a hannunki ya kwana kenan. Na duwatsu in ya ƙi tafiya almakashi za ki sa ki tsinke shi, ki sake shiri da duwatsun nan dai. Babu wadda za ta ce ta gan shi a shagon wance da araha, kuma in ƙawayen amarya suka kawo miki ƙyallen ankonsu, kalar da suke so za ki haɗa musu. Sai dai ki riƙa sa kuɗin zamanki a lissafi. Mu mata mukan ƙirga zare da duwatsu mu manta awa huɗun da muka yi a duƙe, sai a wayi gari muna yi wa mutane aikin banza.

Yanzu maganar kunnenki, wadda ita ce ta fi damuna. Mafi yawan lokaci wani ƙarfe ne mai suna nikel ke jawo wannan. Ana cakuɗa shi a cikin kayan ado masu araha, ko a shimfiɗa shi a ƙarƙashin ruwan gwal ɗin don ya yi sheƙi. Ruwan siriri ne, gumi da turare suna cinye shi, sai nikel ya taɓa fata. Wurin ya yi ja, ya yi ƙaiƙayi, ƙananan ƙuraje su feso, wani lokaci bayan kwana ɗaya ko biyu da sawa, shi ya sa mutane ba sa gane sarƙar ce. Jikin da ya fara ƙin nikel kuma galibi ba ya dainawa. Tun 1994 Tarayyar Turai ta kafa doka a kan yawan nikel ɗin da kayan da ke manne da fata za su iya saki, kuma ta fi tsananta wa wanda ake zurawa a huji. Mai yin sari ba ta da ta cewa a nan, abin da ke cikin leda shi za ta sayar.

Na gani da idona. Wata shekara cikin bazara na yi wa ƙawayen amarya su goma sha biyu saiti iri ɗaya, dilan ya rantse mini ba ya kodewa. Kwana uku bayan biki ɗaya daga cikinsu ta turo mini hoton wuyanta, ga shatin sarƙar nan ja zur, har inda ganyen tsakiya ya kwanta a ƙirji ya fito ɓaro-ɓaro. Kuɗinta na mayar, na rasa ita da 'yan gidansu gaba ɗaya.

Kada ki ɗauka duwatsu sun tsira. Dutsen gilashi ba ya yi wa fata komai, amma ƙugiyar ɗan kunnen da maɗaurin sarƙar ƙarfe ne, kuma na cikin fakitin nan masu arha su ma da nikel. Bambancin shi ne a nan ke ce mai zaɓe. Ki nemi ƙugiyar azurfa mai hatimin 925, wato kashi 92.5 cikin ɗari azurfa ce, ko ta ƙarfen taitaniyom in kin samu. Sitenles, wato ƙarfe marar tsatsa, mai lamba 316L yana da nikel a ciki amma ba ya sakinsa sosai, yawancin mutane suna zama lafiya da shi, sai dai yakan dami wasu masu jiki irin naki. Koren da tagulla ko jan ƙarfe ke bari a yatsa kuwa ba ciwo ba ne, sabulu ke fitar da shi. Masu shafa man farce marar kala a jikin ƙugiya suna samun sauƙi na 'yan kwanaki ne kawai, da ya ɓare an koma gidan jiya.

Kayan yara ne ba na wasa da su ko ta wane ɓangare. Wasu ƙananan ƙarafan ado masu nauyi da arha akwai dalma ko kadmiyom, ƙarafa masu guba, a ciki, yaro kuwa komai baki yake kaiwa. A 2006 wani yaro ɗan shekara huɗu a jihar Minesota ta Amurka ya rasu bayan ya haɗiye ɗan ƙarfen awarwaro da kusan dukansa dalma ne. Mu da muka ga abin da dalma ta yi wa yara a Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara a 2010 ba sai an yi mana dogon bayani ba. Jigidar jarirai ma ki ɗaure ta da zare mai ƙwari, in ta tsinke, hancin yaro da bakinsa duwatsun suke nufa.

Da ni ce ke da wannan jarin, duwatsu zan kama. Kashi ɗaya cikin uku in saya filaya biyu, zaren kamun kifi, waya, ƙugiyoyi masu kyau da duwatsu kala biyar ko shida, sauran in ajiye sai an fara oda. Ki leƙa Kasuwar Kurmi ki zaga rumfunan masu duwatsu. In kin samu mai zuwa Bida, ki ba shi saƙon na gilashi daga unguwar Masaga, inda Nufawa ke narka kwalba su yi su da hannu. 'Yan'uwanmu na Gana kuma suna da na Krobo, da ake yi da garin gilashi, kasuwarsu na ci ran Alhamis a Koforidua. Irin waɗannan in kika gaya wa mai saye inda suka fito, ba ta cika ja da farashi ba.

Shi kuma kunnenki, ki cire komai ki bar shi ya huta. In ya kumbura ko yana fitar da mugunya ki je asibiti a duba, kada ki yi ta tura tsinken tsintsiya a hujin don kar ya toshe.