Ja ko mai ƙyalli: wane ruwan gano tsagewa za ka saya?

Akwai tsagewar da ido ba ya gani a jikin walda ko kan inji, sai ranar da ta buɗe. Ruwan launi mai kutsawa ne ke tona ta: a wanke ƙarfen, a fesa ruwan, a bar shi minti 10 zuwa 30 ya shige kowace kafa, a goge, sannan a fesa farar hoda ta tsotso shi waje. Inda layi ya fito, nan aibin yake.

Iri biyu ne a kasuwa. Jan yana zuwa a gwangwani uku, na wanki, na launi, na hoda, kamar Spotcheck na kamfanin Magnaflux. Ba ya buƙatar lantarki, hasken rana ya ishe shi, kuma za ka hau da shi kan tanki. Mai ƙyallin, irin su Zyglo, ya fi kama tsagewa siririya, shi ya sa masu gyaran jirgin sama suka riƙe shi. Amma sai da fitilar UV ta musamman, wadda haskenta ke sa ruwan ya yi ƙyalli, da ɗaki mai duhu sosai. Wanda rumfarsa a buɗe take, ya sayi mai ƙyalli, ya zubar da kuɗinsa ne. Ga mai walda da bakanike, ni jan nake zaɓa.

Kafin ka biya, duba jikin gwangwanin ko an rubuta ISO 3452 ko ASTM E165, wato lambobin ƙa'idojin wannan gwaji, ka duba ranar ƙarewar aikinsa. Dukkan ukun su kasance na kamfani ɗaya, kada a haɗa maka gauraye don rangwame. In sitenles za ka gwada, wato ƙarfen nan da ba ya saurin tsatsa, nemi wanda sinadarin kulorin ɗinsa ya yi ƙasa, domin kulorin na cin wannan ƙarfen.

Zafi ma abin lura ne a wajenmu. An tsara ruwan gama-gari don ƙarfen da zafinsa bai wuce digiri 50 ba, alhali farantin ƙarfen da ya wuni a ranar watan Afrilu a Kano ko Maraɗi yana iya zarce haka, ruwan ya bushe tun bai shiga ba. Ka yi gwajin da sassafe, ko a inuwa.

Wannan gwaji tsagewar da ta buɗe baki a sama kawai yake kamawa, kuma fenti da tsatsa suna toshe ta. In duk aikinka na baƙin ƙarfe ne, tambayi kuɗin na'urar gwajin maganaɗisu ma, don ita tana hango aibin da ke ɗan ƙasa da fatar ƙarfen, sai dai ba ta aiki a kan alminiyam.