Stowe ko Morrison: da wa za a fara?

Duk mai son ganin yadda mata suka juya akalar adabin Amurka, ya duba yadda mata biyu suka rubuta labarin bauta.

Harriet Beecher Stowe, farar fata ce, ta fitar da Uncle Tom's Cabin a 1852. An sayar da kwafi kusan 300,000 a Amurka cikin shekarar farko, littafin kuma ya ƙara rura wutar adawa da bauta kafin yaƙin basasar 1861. Sai dai da turawa take magana, tausayinsu take nema, bayin da ke cikin littafin nata kuwa haƙurinsu ya yi yawa.

Toni Morrison ba ta roƙi tausayin kowa ba. Littafinta Beloved, na 1987, ya samo tushe daga labarin Margaret Garner, baiwar da ta tsere zuwa jihar Ohio, inda aka haramta bauta, a 1856, ta kashe 'yarta don kada a mayar da ita bauta. Morrison ta shiga zuciyar uwar, ta zauna a ciki. Karatun littafin da nauyi, gaskiya, don labarin ba ya tafiya a jere. A 1993 ta zama baƙar mace ta farko da ta ci kyautar Nobel ta adabi.

Ni dai da Morrison zan ce a fara.