Ƙoƙi-ƙoƙi ko ƙwaron tsinke: wanne ya fi amfani a lambu?

A lambunan bakin gulbin Rima a Sakkwato, yara kan rikita ƙoƙi-ƙoƙi da ƙwaron nan mai kama da tsinke, alhali ba danginsu ɗaya ba. Masana sun sa na farko a rukunin Mantodea, na biyu kuma a Phasmatodea, mai nau'i sama da 3,000.

Inda ƙaya take a jikinsu yana cikin abubuwan da ke raba su. Ƙananan ƙwarin tsinke masu ƙaya, a kai da gadon baya suke ɗauke da ita, don kariya da sajewa da reshe. Ganye kawai suke ci, galibi da dare. Ƙoƙi-ƙoƙi kuwa ƙayarsa a ƙafafun gaba take, da su yake cafke fara da ƙuda. Ƙoƙi-ƙoƙi ne mai lambun albasa ya fi buƙata, ko da yake ƙudan zuma ma ba ya ƙyalewa.