Mata ku yi hattara da mai saida man dasashi a gurup

Salamu alaikum ƴan uwa, dan Allah duk mai uwa ko gwaggo da ta wuce shekara 45 ta tsaya ta karanta wannan. Akwai wata mata nan Yamai da take yawo cikin gurup ɗin mata na WhatsApp tana saida wani mai cikin ƙaramin buteli, wai man dasashi na manyan mata, wai daga Dubai ake kawo mata shi, haɗin habbatus sauda da zaitun da wani icce da ita kaɗai ta san sunanshi. A sha cokali guda da safe a shafa saura a dasashi. Jika goma sha biyar buteli ɗaya!

Gwaggona ce ta faɗa hannunta. Shekararta 53, tun da al'ada ta ɗauke mata take kukan bakinta ya bushe kamar ta ci garin rogo ba ruwa, harshe na mata zafi kamar barkono, in ta yi aswaki sai jini, daga baya haƙora biyu na ƙasa suka fara motsi. Kun san manyanmu da kunya, ba ta gaya ma kowa ba, sai ta ji muryar matar nan tana lissafa duk abin da ke damunta ɗaya bayan ɗaya, ta ce ai wannan kamar ta leƙo cikin bakina. To ba wani gani ta yi ba, mata da yawa suna samun haka a shekarun nan, don sinadarin estirojin yana raguwa in haila ta tsaya, yawu ya ragu, dasashi ya yi rauni, ƙashi ma ya rage ƙarfi har da na muƙamuƙi da ke riƙe haƙori. Matar haddacewa kawai ta yi.

Buteli uku gwaggo ta saya, jika arba'in da biyar, kuɗin adashenta. Kuɗi a tura ta salula, kaya ɗan kabu-kabu ya kawo har Bukoki, shago babu, fuska ba a taɓa gani ba. Da na ɗauki butelin na duba, ba sunan kamfani, ba ranar lalacewa, takardar jikinshi ma da ka taɓa da jiƙaƙƙen hannu tawada ke bin yatsa. Na buɗe na sunsuna, wallahi man gyaɗa ne da kanumfari. Kuma nan ne dabarar take, kanumfari yana kashe zafi na ɗan lokaci, kakanninmu ma suna sa shi a ramin haƙori, shi ya sa satin farko gwaggo ta riƙa cewa ɗiyata maganin nan akwai albarka. Zafi ya kwanta, cuta tana nan tana ci.

Abin da ya fi ƙona min rai, da jinin ya ƙaru gwaggo ta aika mata saƙo, sai matar ta ce ai dattin ciwon ne ke fita Hajiya, ki ƙara buteli, kuma wai ta ajiye maganin tansiyo don shi ke busar mata da baki. Eh gaskiya ne wasu magungunan hawan jini suna busar da baki, amma likita ne ke canzawa, ba mai talla a gurup ba. Allah ya sa gwaggo ta ji tsoro ba ta daina shan maganin tansiyon ba.

Da ƙyar na ja ta wajen likitan haƙori. Ya ce dattin da ya daskare gindin haƙora ne ya cinye dasashin, ba man da ke narkar da shi sai an kankare da na'ura, ya tura mu analiz, wato gwajin jini, sai ga suga ya hau, ashe shi ma yana cikin abin da ke kawo bushewar baki da ciwon dasashi. Wata huɗu aka ɓata ana shan mai. Haƙori ɗaya sai cirewa aka yi, ɗayan ana lallaɓa shi.

Ni ban ce man habbatus sauda ko zaitun ba su da amfani ba, ina da su a ɗakina, amma ba su mayar da ƙashin da ya zaizaye.

Na kira mai man in ji ba'asi, tana jin na ce likita ta kashe, ta buloke ni. Shaidun da take turawa na mata masu godiya kuwa ku saurara da kyau, murya biyu ce ke ta canza suna. Shekaranjiya wata ƙawata a Wadata ta turo min tallar, sabuwar lamba, buteli dai shi ne, yanzu wai na ciwon gwiwa ne.