Kafin asibitinku ya sayi manhajar mutuware

Wata Juma'a da hantsi na tsaya a bakin mutuwaren wani asibiti tare da dangin wani dattijo da ya rasu cikin dare. An haƙa kabari, an yanko likkafani, liman ya ce a yi masa sallah kafin a tafi masallaci. Mota tana tsaye da makara a bayanta. Rasit kaɗai ya riƙe mu. Kashiya ya ce sabis ya ɗauke, kwamfuta ta ƙi fitar da lambar biya. Ma'aikacin mutuware kuma ya ce ba zai buɗe firij ba sai ya ga takarda, don shi za a tuhuma idan gawa ta fita ba shaida. Kowannensu yana kan gaskiyarsa. Babban ɗan mamacin yana riƙe da kuɗin a hannu, sai maimaitawa yake: "Ranka ya daɗe, ga kuɗin nan, ku taimaka mu je mu suturta shi." Sai bayan an sauko daga Juma'a aka sallame mu.

Tun daga ranar, duk manhajar da aka tallata mini ta ɗakin ajiye gawa, da wannan hantsin nake auna ta.

Mutuware a arewa iri biyu na aiki take yi a ɗaki ɗaya. Akwai gawar da ba ta kwana, ko ta kwana ɗaya tak, domin Musulmi ba ya jinkirta jana'iza. Wannan sauri take buƙata, dare ko rana, ranar aiki ko ranar hutu. Akwai kuma wadda za ta yi makonni ko watanni: iyalan Kirista da ke jiran dangi su taru ko za su tafi da mamaci garinsu, gawar da 'yan sanda suka riƙe don bincike, da waɗanda jami'an kiyaye haɗurra suka kwaso daga kan titi ba suna ba adireshi. Wannan kuma tsare lissafi take buƙata, da sanin wace gawa ce a wane aljihun firij. Manhajar da ta iya ɗaya ta kasa ɗayan, rabin aiki ta yi.

Mafi arha dai shi ne abin da kowa ya sani: babban littafin rajista, a haɗa da Excel a kwamfuta guda. Kada a raina shi. Ƙaramin asibitin da firijinsa bai wuce aljihu huɗu ko shida ba, wannan zai ɗauke shi, muddin mutum ɗaya ne ke shigar da bayanai kuma ana kwafe su duk mako. Illarsa ita ce Excel ba ya tona asiri. Wani zai iya mayar da ranar shigowa daga 3 ga wata zuwa 13, kuɗin kwana goma ya salwanta, ba wanda zai san hannun wa ya taɓa. Littafi ma ya fi shi a nan, tunda gogewa da biro tana barin tabo.

Na biyu, kuma wanda na fi karkata gare shi ga matsakaici da babban asibiti, shi ne sashen mutuware a cikin manhajar da asibitin ya riga yake aiki da ita. Majinyacin da ya rasu a kwance, sunansa da lambar katinsa da likitan da ya tabbatar da rasuwarsa duk suna ciki. Ba sai ma'aikaci ya sake rubutawa ba, kuma a wurin sake rubutawa ne Hassan ke komawa Hussaini. Bashin gadon jinya da na magani ma suna haɗuwa da na mutuware a rasit ɗaya, dangi ba sa zarya tsakanin tagogi uku. Amma a bincika da kyau, domin da yawa abin da ake kira "sashen mutuware" fom ne guda ɗaya da aka liƙa a ƙarshe don a cika jerin tallan kamfani. Gwajin da ke fallasa shi mai sauƙi ne: ku ce a shigar muku da gawar da aka kawo daga waje, ba kati, ba suna, ba ɗan uwa. Idan manhajar ta tsaya tana neman lambar majinyaci kafin ta wuce, to ba ta san mutuware ba. Ya kamata ta ba da lambar wucin gadi nan take, ta karɓi hoto, da kamanni, da tufafin da ke jiki, da sunan jami'in da ya kawo da ofishinsa, sannan ranar da dangi suka bayyana a sa suna ba tare da an share tarihin farko ba.

Sai manhajojin da aka gina don mutuware kaɗai, waɗanda ake biyan kuɗinsu duk wata ko duk shekara, bayanai kuma suna zaune a intanet. A fannin tsari babu kamarsu: taswirar firij a allo, kowane aljihu da launinsa, lambar da ake ɗaurawa a wuyan hannu ko a yatsan ƙafa ana haska ta da na'ura a shiga da fita, wasu ma suna karanta sanyin firij su yi ƙara idan ma'aunin zafi ya haura digiri 4, tunda tsakanin 2 da 4 ake so ya tsaya. Matsalarsu biyu. Yawancinsu an yi su ne don ƙasashen da wuta da intanet ba sa yankewa, kuma farashinsu da dala ne. Asibitin da ya yi kasafi a farkon 2023, kafin a saki naira a watan Yuni na shekarar, ya san yadda kuɗin lasisi ke ninkuwa ba tare da kamfani ya ƙara ko sisi ba. Kada ku ɗauke su sai dai in za su rubuta muku farashin naira a yarjejeniya, su kuma nuna manhajar tana aiki ba sabis ta tura bayanai daga baya.

Akwai kuma na kyauta, waɗanda kowa ke iya saukewa ya gyara. OpenMRS, tsarin ajiye bayanan majinyata, tun 2004 ake gina shi, kuma ya yaɗu a asibitocin Afirka. Bahmni, wanda ya faro daga wani asibitin karkara a Indiya, ya haɗa OpenMRS da Odoo don kuɗi da kaya, da OpenELIS don ɗakin gwaji, kuma ana iya ɗora shi a babbar kwamfuta cikin asibiti ya yi aiki ko babu intanet. Wannan ya dace da mu ƙwarai. Kyautar dai a lasisi ta tsaya. An gina su ne a kan majinyaci mai rai, saboda haka sai kun biya wanda zai tsara muku ɓangaren gawa, kun sayi babbar kwamfuta da sola da batir, kun kuma riƙe ma'aikacin da ya san kanta. In ba ku da wannan mutum, ko kuna da shi amma ƙafarsa ɗaya tana waje, ku yi tunani sau biyu.

Haka hukuncin yake ga manhajar da wani matashi mai hazaƙa zai rubuta muku daga tushe. Za ta dace da ku kamar ɗinkin tela, amma ku karɓi asalin rubutunta da mabuɗanta a hannunku kafin ku biya kuɗin ƙarshe.

Lissafin kuɗi shi ne inda rigima ta fi tashi, kuma kusan kullum a kan kalma ɗaya ce: kwana. Gawar da ta shigo ƙarfe 11 na dare aka ɗauke ta ƙarfe 8 na safe, kwana ɗaya ta yi ko biyu? Manhajar da ke ƙirga da kwanan wata za ta ce biyu; mai ƙirga awa 24 za ta ce ɗaya. Asibiti ne zai yanke, ya rubuta a allo a bakin ƙofa, manhaja kuma ta bi, ba ita za ta yanke muku ba. Ta iya raba kuɗin ajiya da na allurar hana ruɓewa da na wanka da na binciken gawa da na mota, domin wanda zai binne yau bai kamata ya biya allurar da ba a yi ba. Ta iya farashi mai hawa, na makon farko daban da na bayan wata. Ta kuma iya yafiya: marar galihu, jariri, gawar da hukuma ta ajiye. Amma kowace yafiya ta fita da sunan wanda ya amince da dalilinsa, don ta nan kuɗi suka fi zurarewa. Asibitocin tarayya kuwa, tun 2015 kuɗinsu ke shiga asusun bai-ɗaya na gwamnati, wato TSA, saboda haka su tabbatar manhajar tana karɓar lambar biya ta RRR da dandalin biyan kuɗi na Remita ke fitarwa, ta daidaita da rasit. In ba haka ba akanta zai kwana yana haɗa lissafi da hannu.

Fitar gawa ita ce ƙofar da ta fi kowacce haɗari. Ba a gyara kuskuren ba da gawar wani ga dangin wani bayan an rufe kabari. Ina so in ga manhaja ta ƙi sallama har sai lambar jikin mamaci ta yi daidai da ta takarda, an rubuta wanda ya karɓa da dangantakarsa da shaidarsa, kuma in 'yan sanda sun sa riƙo, ta kulle aljihun a allo har sai takardar saki ta zo. Lambobin waya da NIN na dangi da za ku tara kuma amana ce da dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗora muku. Ku tambayi ina ake ajiye su, wa ke iya gani, kuma in kun rabu da kamfanin a wace siga zai mayar muku da su. Ƙari ne mai kyau idan tana fitar da dalilin mutuwa da lambobin ICD, wato lambobin rarraba cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, da takardar da dangi za su kai Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa don rajistar mutuwa, da alƙaluman wata da ake turawa DHIS2, manhajar da hukumomin lafiya ke tara alƙaluman asibitoci a ciki.

Ranar gwaji, kada ku yarda a yi shi a ofishin shugaban asibiti da sanyin iyakwandishan. Ku kai mai sayarwa mutuware. Ku zaunar da ma'aikacin dare a gaban allon, shi da yake aiki da safar hannu kuma wataƙila Turancinsa kaɗan ne, ku ga minti nawa zai ɗauka ya karɓi gawa. Sannan wani ya kashe intanet, ya kuma kashe janareto, ku ce: ga dangi nan a waje da makara, a sallame su. Manhajar kirki za ta ba da rasit na wucin gadi daga waya ko ƙaramar kwamfuta mai batir, babban ma'aikaci ya sa hannu, gawa ta fita, lissafi ya hau idan sabis ya dawo. In mai sayarwa ya ce a jira sabis, ku gode masa ku kira na gaba.