Ramin ruwan Hezekiya a Urushalima: ku shiga, amma ku zo da silifas

Ni da farko ban yi niyyar shiga ba. Shekarata sittin da uku, gwiwata ta dama tana ba ni wahala, ga shi an ce rami ne mai duhu da ruwa a ciki. Matata ce ta dube ni ta ce, "Baban yara, mun baro Bukuru mun zo har Urushalima, sai ka zauna a inuwa kana gadin jakunkuna?" Kunyar wannan maganar ce ta sa na naɗe wando.

Wurin yana cikin abin da ake kira Birnin Dauda, kudu da tsohon birni, ƙasa kaɗan da Ƙofar Juji, a unguwar Silwan inda Falasɗinawa suke zaune. Ana yankar tikiti a sama, sai a yi ta sauka matakala, a bi ta gefen ramin da wani Baturen Ingila mai suna Charles Warren ya gano a 1867, har a kai maɓuɓɓugar Gihon. Nan hanya ta rabu biyu. Akwai busasshen rami na zamanin Kan'aniyawa ga wanda ba ya son jiƙewa, akwai kuma na Hezekiya sarkin Yahuza. Rabin ayarinmu suka bi busasshen, har da Baba Rabaran, wanda ya ce shi baftismarsa ɗaya ta ishe shi.

Bari in fara da abin da ya ɓata mini rai. Jagoran da kamfanin tafiyarmu ya haɗa mu da shi bai gaya mana tun daren da ya gabata cewa a zo da takalmin roba da tocila ba. Sai a bakin rami ya ce, "Baba, wannan takalmin naka ba zai yi ba." Takalmin fata ne, na zuwa sujada. Dole na koma wani ɗan shago a bakin titi na sayi silifas da kuɗin da a kasuwar Taminus zai saya mini guda huɗu. Wata mama daga cikinmu ta shiga da zanenta har ƙasa, ta yini tana rawar sanyi a mota. Wannan sakaci ne, ba wani abu ba.

Taku na farko, ruwan ya kai mini cinya, sanyinsa kamar na randa da asubar hunturu. Bayan ɗan lokaci ya sauka zuwa ƙasan gwiwa. Faɗin ramin bai wuce kafaɗun mutum ba, ba a juyawa, ba a wuce na gaba. A wasu wurare sai na sunkuya, kusa da ƙarshe kuma rufin ya yi sama har hasken waya ba ya kai masa sosai. Tsawonsa mita 533 ne, mun yi kusan minti arba'in a ciki.

Abin da ya kama ni shi ne bango. Mahaifina ya yi aikin haƙar kuza, na kuwa taso ina ganin mutane suna sauka loto da diga da fitila. Na san sawun ƙarfe a jikin dutse. Da na shafa bangon nan da hannu, na ji sarar duk ta kwanta ta fuska ɗaya, kamar yadda take kwantawa idan mutum yana tura aiki gaba. Can wajen tsakiya ramin ya fara karkacewa, a yi dama kaɗan a fasa, a yi hagu, ga ƙananan lunguna da aka fara aka bari. Daga nan sarar ta juya, tana fuskantar inda muka fito. Na tsaya cik har na bayana ya yi karo da ni. A nan ne ƙungiyoyi biyu na mahaƙa suka haɗu, ɗaya ta taso daga maɓuɓɓuga, ɗaya daga tafkin da ke ƙarshen ramin, suna neman juna a cikin dutse da kunne.

Ba zato nake yi ba, su da kansu suka rubuta. A 1880 wani yaro ya ga rubutun Ibrananci a bango kusa da mafita. Rubutun ya ce sa'ad da saura kamu uku a huda, sai aka ji muryar wani yana kiran ɗan'uwansa, mahaƙa suka sara diga da diga har suka haɗu, ruwa ya gudu kamu 1,200 daga maɓuɓɓuga zuwa tafki. An ɓamɓare dutsen daga baya, yanzu yana gidan tarihi a Istanbul, abin da ake gani a ramin kwafi ne. Babu sunan sarki a cikinsa ko sau ɗaya. Labarin leburori ne kawai. Na tuna da mahaifina, wanda sunansa bai shiga takardar kowane kamfani ba sai a jerin masu karɓar kuɗin mako.

Dalilin aikin yana cikin 2 Tarihi 32 da 2 Sarakuna 20:20. Sennakerib sarkin Assuriya ya taso wa Yahuza a shekara ta 701 kafin haihuwar Almasihu, Gihon kuwa tana wajen ganuwa. Hezekiya ya toshe ta, ya karkato ruwan zuwa cikin birni don kada maƙiyi ya zo ya tarar da abin sha. Sennakerib ma ya bar nasa labarin a kan yumɓu: ya yi alfahari ya ci garuruwa 46 masu ganuwa, ya kuma kulle Hezekiya a Urushalima kamar tsuntsu a keji. Bai ce ya ci birnin ba.

Jagoranmu ya san waɗannan duka, ya kuma faɗe su da kyau, ba zan zalunce shi ba. Ya bayyana mana cewa bambancin tudu tsakanin farkon ramin da ƙarshensa kusan santimita 30 ne kacal, shi ya sa ruwan yake tafiya a hankali har yau. Amma bakinsa bai wuce yabon dabarar Hezekiya ba, yana kuma duban agogo. Baba Rabaran ne, da muka same shi a waje a bushe ƙayau, ya buɗe Ishaya 22 ya karanta mana aya 9 zuwa 11. Annabin ya lissafa aikin ɗaya bayan ɗaya, an tara ruwa, an rushe gidaje an ƙarfafa ganuwa, an yi matattara tsakanin bango biyu, sannan ya tuhume su cewa ba su dubi Wanda ya yi abin tun dā ba. Na ji wannan a jikina, domin minti biyar kafin nan ni ma ba abin da nake yabo sai hannun mutum. Littafi Mai Tsarki ɗaya ne ya yabi sarki don ya yi shiri, ya kuma tsauta wa birni don ya dogara ga shirin. Na sha karanta wurin a gida, ban taɓa haɗa shi da wani ruwa na gaske ba sai da wandona yana ɗiga.

Ramin yana fitowa ne a wani ƙaramin tafki na zamanin Rumawan Gabas. 'Yan taku kaɗan gaba akwai manyan matakalan dutse na tafkin Siluwam na zamanin Yesu, waɗanda aka gano a 2004 sa'ad da ake gyaran bututun ƙazanta. Nan ne Yesu ya aiki mutumin da aka haifa makaho ya je ya wanke, a Yahaya 9. Jagoran ya ba mu minti goma. Ya yi kaɗan ƙwarai. Gangaren daga Haikali zuwa nan ba wasa ba ne ko ga mai ido, na kuwa so in zauna in yi tunanin mutum da laka a fuska yana lalube har ƙasa.

Ga mai shirin zuwa: in kana da ciwon zuciya ko ba ka jure wuri matsattse, bi busasshen, ba laifi. In ba haka ba, ka shiga na ruwan. Ka sa silifas mai maɗauri, ka riƙe wandon canji a leda, ka cika cajin waya. Mata su ɗaura zane a kan wando. Ku roƙi jagoranku tun a otal ya ware wa wurin rabin yini, ku kuma tambayi motar da take mayar da mutane sama, domin hawan dawowa ne ya gama da gwiwata, ba ramin ba. Silifas ɗin nan mai tsada har yanzu yana nan, da shi nake ban ruwa a lambu.