Sharhi a Kan Shirin The Boys da Masu Kallon da Suka Koma Yi wa Homelander Tafi

A kashin farko na shirin The Boys, tun ba a yi nisa ba, wani saurayi mai suna Hughie yana tsaye a bakin titi riƙe da hannuwan budurwarsa Robin, suna hira irin ta masoya, ita kuma ta ɗan sauko daga gefen da masu tafiya a ƙasa ke bi. Sai wani abu ya gifta kamar walƙiya. Kafin ƙiftawar ido babu Robin, sai jini a fuskar Hughie da hannuwanta biyu da suka rage a cikin nasa. Wanda ya bi ta kanta shi ne A-Train, mutumin da ya fi kowa gudu a duniyar labarin, ɗaya daga cikin gwarazan da yara ke manna hotunansu a bangon ɗaki, kuma ko da ya waiwayo ya ga abin da ya aikata, cewa ya yi ba zai iya tsayawa ba, ya ƙara gaba. Daga baya lauyan kamfanin da ke ɗaukar nauyinsa ya zo wa Hughie da tayin dala 45,000, bisa sharaɗin ya sa hannu a takarda cewa ba zai buɗe baki ba. A nan na gane irin shirin da na zauna kallo, kuma ban tashi daga kansa ba sai da na kammala zango huɗu, kashi 32 ke nan, kowanne kusan awa guda. Duk wanda bai kalla ba ya sani cewa zan taɓo wasu muhimman wurare na labarin.

Shirin ya fara fitowa a manhajar Prime Video ta kamfanin Amazon ranar 26 ga Yuli, 2019. Eric Kripke ne ya tsara shi, daga littafin labari mai zane wanda Garth Ennis ya rubuta, Darick Robertson ya zana, aka fara buga shi a 2006. A Amurka labarin yake faruwa, duk da cewa a birnin Toronto na Kanada ake ɗaukarsa. Tambayar da aka gina shi a kai mai sauƙi ce: idan da gaske akwai mutanen da ke tashi sama, harsashi ba ya huda su, wa zai mallake su, kuma wa zai hukunta su idan sun yi ɓarna? Amsar shirin ita ce kamfanin Vought, wanda ke sayar da su kamar kowace haja, yana yi musu fina-finai da tallace-tallace, yana rubuta musu jawabin da za su yi a gaban 'yan jarida, yana kuma binne laifinsu da kuɗi. Jama'a sun ɗauka baiwa ce aka haife su da ita, alhali kuwa wani sinadari ne mai suna Compound V aka ɗura musu tun suna jarirai. Manyansu su bakwai ne, shugabansu Homelander, mai mayafi da tutar Amurka, wanda yake kura da fatar akuya. A ɗaya ɓangaren kuma akwai Billy Butcher da 'yan tawagarsa, mutane marasa wannan ƙarfi in ban da guda ɗaya, Kimiko, waɗanda suka sha alwashin tona asirin kamfanin.

Wasan Antony Starr, ɗan ƙasar Niyu Zilan da ya fito a matsayin Homelander, shi ne ginshiƙin shirin, kuma ina ganin shi ne tushen rigimar da ta raba kan masu kallo. Mutumin yana iya yin murmushi da baki yayin da idanunsa ke cewa zai kashe ka, kuma yana iya sauya fuska sau uku a cikin daƙiƙa biyar ba tare da ya furta kalma ba. A kashi na huɗu na zangon farko, shi da Queen Maeve, ɗaya daga cikin manyan bakwai ɗin, sun shiga wani jirgin sama da aka yi garkuwa da shi, suka kashe maharan, fasinjoji suka ɓarke da tafi. Sai dai an rasa matuƙin, hasken da ke fita daga idon Homelander kuma ya ƙona na'urorin tuƙi. Maeve ta roƙe shi su ɗauki ko da uwa ɗaya da 'yarta, ya ƙi, domin duk wanda ya tsira zai ba da labarin abin da ya faru. Da mutane suka taso suna kuka suna miƙo hannu, ya kunna jajayen idanunsa ya ce su koma baya, sannan ya fice ya bar jirgin ya faɗa teku. Bayan haka ya tsaya a gaban kyamara da fuskar jimami yana cewa da an shigar da su cikin tsarin rundunar soja da sun ceci kowa, wanda shi ne kwantiragin da kamfaninsa ke nema tun farko. Na dakatar da kallon a wannan wurin na yi shiru na ɗan lokaci, domin ban taɓa ganin an nuna mugunta da sanyin jiki irin haka ba.

Wannan mutum ne wasu masu kallo suka mayar da shi gwaninsu. A watan Nuwamba na 2020, a wani gangamin magoya bayan Donald Trump a birnin Washington, an ga wani sanye da kayan Homelander, abin da ya sa Kripke ya fito yana tambaya ko waɗannan mutanen suna kallon shirin kuwa, shi ma Starr ya nuna takaicinsa a fili. A shafukan sada zumunta kuwa, an yanka fitowarsa gunduwa-gunduwa an ɗora kiɗa mai tsuma jiki, ana yaɗawa a matsayin misalin namiji mai kwarjini wanda ba ya ɗaukar raini. Abin da ake cirewa daga waɗannan gutsattsarin shi ne abin da shirin ya fi nanatawa: yaro ne da aka yi renonsa a ɗakin gwaje-gwaje ba uwa ba uba, ya girma da yunwar ƙauna wadda ba ta ƙoshi, yana duba alƙaluman farin jininsa kamar mara lafiya yana duba sakamakon asibiti, kuma da zarar sun yi ƙasa sai ya rikice. A ganina babu wani mai rauni a shirin kamarsa.

Marubutan sun hango wannan tun da wuri, har suka saka shi cikin labarin. A zango na biyu, wanda ya fito a Satumbar 2020, sun kawo Stormfront, wadda a littafin asali namiji ne, suka mayar da ita mace mai iya magana da matasa, mai ɗaukar kanta a waya tana caccakar kamfanin da take yi wa aiki. Mutane da yawa sun so ta a kashin farko-farko, ni ma ina cikinsu, domin ta yi kama da mai faɗar gaskiya komai ɗacinta. Sannu a hankali aka gano cewa tsohuwar 'yar Nazi ce, matar wanda ya kafa kamfanin, kuma tana da ma'aikata da ke ƙirƙira hotunan barkwanci suna watsawa a intanet domin hura wutar ƙiyayya ga baƙin haure. Ita ce ta koya wa Homelander cewa ba ya buƙatar ƙaunar kowa da kowa, tsirarun mutane masu fushi sun ishe shi. Darasin ya nuna a ƙarshen zango na uku, a 2022, lokacin da ya gabatar da ɗansa Ryan ga magoya bayansa, wani mai zanga-zanga ya jefo abu ya sami yaron, shi kuma ya fasa masa kai da hasken idonsa a bainar jama'a, da rana tsaka. Wurin ya yi tsit. A fuskarsa kana ganin tsoron cewa asiri ya tonu, komai ya ƙare. Sai mutum ɗaya ya yi ihun jinjina, wani ya biyo baya, taron gaba ɗaya ya ɗauka, murmushi ya buɗe a fuskarsa a hankali kamar wanda aka yi wa albishir. Wannan fitowar ita ma an yanke ta ana yaɗawa da sha'awa, wato wasu daga cikin masu kallo sun shiga cikin taron da aka nuna musu domin su tsorata da shi.

Ƙorafe-ƙorafen masu kallo ba duka iri ɗaya ba ne, kuma zalunci ne a haɗa su a kwando guda. Na zango na biyu bai shafi labarin ba ko kaɗan: an saki kashi uku a ranar farko, sauran kuma ɗaya-ɗaya kowane mako, sai waɗanda suka saba kwashe zango a dare ɗaya suka yi ta ba shirin tauraro ɗaya a shafin Amazon. Wannan fushi ne na rashin haƙuri, bai cancanci dogon bayani ba.

Na zango na huɗu, wanda ya fara a Yunin 2024, shi ne mai nauyi. Makin da masu kallo suka ba shi a shafin Rotten Tomatoes ya faɗi ƙasa sosai da na ƙwararrun masu sharhi, kuma babban zargin shi ne wai shirin ya koma siyasa. Kripke ya amsa cewa wanda bai ji daɗi ba ya nemi wani abin kallon, kuma tun kafin nan ya sha faɗa cewa da Trump a ransa ya gina Homelander. A nan ina tare da shi rabi. Wanda ya kalli kamfani yana neman kwantiragin soja da gawarwakin fasinjoji, ya kalli 'yar Nazi tana jagorantar gangami, sannan ya ce sai a zango na huɗu siyasa ta shigo, to bai lura da abin da yake kallo ba tun farko. Amma akwai bambanci tsakanin habaici da zagi kai tsaye, kuma a wannan zangon marubutan sun daina sakaya zance, suna ɗauko kanun labaran Amurka kusan yadda suke suna sa wa 'yan wasa a baki. Abin ya kai ga kashin ƙarshe, wanda ya ƙunshi shirin kashe zaɓaɓɓen shugaban ƙasa, ya fito ranar 18 ga Yuli, kwana biyar bayan an harbi Trump a jihar Pennsylvania, dole aka sauya masa suna aka ƙara gargaɗi a farkonsa. Ban da haka labarin ya yi ta zagaye wuri ɗaya, musamman na Frenchie, ɗaya daga cikin tawagar Butcher, da nadamarsa da aka riga aka nuna mana a baya. Abin da ya riƙe ni a zangon shi ne tuban A-Train, wanda aka ɗauki shekaru ana gina shi, da kuma kashin da Hughie ya yi bankwana da mahaifinsa a asibiti.

Akwai ƙorafi guda da nake goyon bayansa ɗari bisa ɗari. A zangon farko, lokacin da aka ci zarafin Starlight, sabuwar da aka ɗauka cikin manyan bakwai ɗin, ta hanyar lalata a ranar da ta fara aiki, shirin ya ɗauki abin da muhimmanci, ya nuna yadda ya karya mata zuciya da yadda ta miƙe ta fallasa wanda ya yi mata. A zango na huɗu kuwa an ci zarafin Hughie ta irin wannan hanya, aka shirya fitowar a matsayin abin dariya. Masu kallo da yawa, maza da mata, sun yi tir da wannan, kuma sun yi gaskiya. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani: shirin da ke zargin masu kallonsa da rashin fahimta shi ma yana sayar da jini da batsa a matsayin nishaɗi, yana ƙoƙarin kowane zango ya fi na baya tayar da hankali. Idan ka shekara biyar kana koya wa mutane su yi dariya duk lokacin da kai ya fashe, bai kamata ka yi mamaki ba idan wasunsu suka yi wa mai fasa kan tafi. Ni kaina na lura cewa duk kashin da Homelander bai fito da yawa ba yana yi mini tsawo, kuma wannan ya dame ni, domin yana nuna cewa tarkon bai tsaya a kan wasu can ba.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda aka yi wa Erin Moriarty, wadda ta fito a matsayin Starlight. An shafe shekaru ana yi mata ba'a a kan kamanninta, ana jera tsofaffin hotunanta da sababbi ana yanke hukunci, har a farkon 2024 ta sanar cewa za ta janye daga Instagram. Matar da take taka rawarta a shirin irin wannan wulaƙancin take fama da shi, kamfani yana tilasta mata sa tufafin da ba ta so, jama'a suna auna ta da ido, sai ga shi waɗanda suka kalli hakan sun maimaita shi a kan mutum mai rai.

Hukuncina shi ne zango na ɗaya zuwa na uku sun cancanci lokacin babban mutum mai son labari mai sa tunani, na huɗu kuma ya yi rauni amma bai rushe ginin ba. Ba shiri ne na yara ba ko kusa, kuma ba na kallo ne a tsakiyar iyali ba, domin akwai tsiraici da ashar da zubar da jini fiye da kima, akwai ma kashin da na tsallake wurare da dama a cikinsa ba tare da na rasa zaren labarin ba. Wanda zuciyarsa ba ta ɗaukar irin wannan, gara ya haƙura da shi gaba ɗaya. Kripke ya sanar tun a 2024 cewa zango na biyar shi ne na ƙarshe, kuma abin da nake son ganin yadda za a warware shi ne makomar Ryan, yaron da ke tsaye kusa da mahaifinsa a ranar da taron nan ya yi ihu, wanda kyamara ta tsaya a kan fuskarsa har sai da shi ma ya fara murmushi.